Babi na Shida: Jirgin Kara da Jirgin Kwali

Da an gama yankan hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, gona ta koma hannun yara da bisashe. A ƙauyukan da ke tsakanin Agye da Gazawa, inda na tashi, lokacin ne kowane yaro ke zama maƙeri, ko da ubansa liman ne. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: tsohuwar reza da aka tsinta bayan rumfar mai aski, ƙayar aduwa cikin aljihu, sai kara. Na dawa muka fi so, don ya fi na hatsi kauri, totuwarsa kuma fara ce mai laushi, tana karɓar duk abin da aka soka mata. Akan zaɓi busasshe wanda gara ba ta taɓa ba, a yanka shi gaɓa-gaɓa, a ɓare ɓawon siri-siri. Ɓawon nan shi ne katako, shi ne ƙusa. Totuwa ita ce mahaɗi. Babu gam, babu zare. Wanda bai taɓa aikin ba ba zai yarda da kaifin ɓawon kara ba. Yakan shige yatsa kamar askar wanzami, jini ya ɗiga kan farar totuwa, ka tsotse ka ci gaba, don in ka tafi gida kuka sai an haɗa maka da ranƙwashi. Daga karan nan ne dai almajiri ke feƙe alƙalaminsa, shi ya sa har yau nake ganin babu tsiron da ya koyar da yaran Hausa kamar dawa.

Mota kowa na yi. Gudro ya ratsa ta gabanmu, babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai ta bi Gidan Rumji da Maraɗi, ta wuce Agye da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram. Kamyo kan lalace a bakin hanya ya kwana uku, mu kuwa muna ƙarƙashinsa tare da karen mota, muna ƙidaya tayu, muna kallon yadda aka ɗora bodi. Saboda haka motarmu ta kara ba ta ƙarya. Jirgi kuwa sai wanda ya isa, kuma ko shi ɗin da ka yake yi. Abin da muka sani na jirgi shi ne cikinsa: wani ɗan gicciye mai ƙyalli can ƙololuwa, yana jan farin zare a baya, ƙararsa na biyo shi kamar ta makara. Mu bi shi da gudu muna ɗaga hannu muna aika saƙo Makka, har ya ɓace.

Yayana shi ne gwanin unguwarmu. Jirgin da ya ƙera shekarar da kawunmu ya sauke farali ya kai tsawon kamu biyu. Ya yi masa tayu huɗu na tsohon silifa, ya yi sitiyari, ya jera tagogi da takardar alawa, ya shafa wa jelar jan karan dafi. A bisa rufin kuma ya kafa shinge irin na motar kasuwa, ya ɗaure ƙunshin tsummoki da akwati na kwalin ashana. Har da ɗan tsani a baya. Da kawu ya huta gajiya, aka kai masa ya gani. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya danne dariya.

"Kai ɗan nan, mene ne wannan a sama?"

"Kayan alhazai ne, Kawu."

"To ai iska ta kwashe su tun ba a wuce Tasawa ba. Kaya a ciki suke, ƙarƙashin ƙafafunmu. Wannan tsanin fa?"

"Na yaron mota ne."

Nan kawu ya kasa riƙewa. Amma da ya gama dariya sai ya ɗauki tsinke ya zana mana a ƙasa: tayu uku ne wuri uku, ɗaya a hanci, kuma suna naɗewa su shige ciki, fiffike ba a miƙe yake sak ba, ya ɗan karkata baya kamar na shirwa in za ta kawo sura. Yayana bai ce uffan ba. Washegari shingen ya tafi, tsanin ma haka. Gani ya kori ji, ko da ganin na aro ne.

Na kai shekara goma sha uku kafin in san akwai wata duniya da ake sayen irin wannan wasa a cikin kwali. Wani mushenmu, wato malaminmu na koleji, wanda ya yi karatu a Faransa, shi ya kira mu gidansa ran hutu, mu huɗu, ya buɗe wani ɗan kwali mai hoton jirgin yaƙi yana keta hayaƙi. A jiki an rubuta Heller, a kusurwa kuma 1/72. Na zaci jirgi zan gani. Sai ga wasu rassa na roba masu ruwan toka, ƙananan gutsattsari na maƙale da su kamar 'ya'yan kalgo, kowanne da lambarsa. Gangar jiki an raba ta biyu a tsaye. Ga farfela, ga kujera ƙasa da ƙwayar gyaɗa, ga matuƙi a zaune ba ya kai tsawon farce biyu. Ga takarda mai zane tana cewa lamba kaza ta shiga lamba kaza. Gam ɗin ma ba irin ƙaron da muka sani ba ne: narkar da robar yake, ɓangarorin biyu su haɗe su zama ɗaya, in ka zuba da yawa ya cinye maka fiffike, in ka taɓa da yatsa zanen yatsanka ya zauna har abada. Tambarin jirgin kuwa a wata takarda yake, sai an jiƙa ta cikin ruwa ya sulluɓo, a ɗauke shi da tsinke a shimfiɗa, kowa ya riƙe numfashi.

Abin da na faɗa a zuci, Allah ya gani, shi ne: wannan ai an tauna an ba ka. Ina gwanintar take in wani ya riga ya yanka maka komai? Ban sauka daga wannan ra'ayi gaba ɗaya ba har yau. Amma mushe ya ɗora yatsa kan lambar nan ta kusurwa ya tambaye mu ma'anarta, muka yi tsuru-tsuru. Ya ce duk abin da ke jikin wannan ɗan jirgi, a ninka shi sau 72 sai ya zama na gaske. Jirgin Spitfire ne, na Ingilishi, na Yaƙin Duniya na Biyu. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 11 ne da 'yan kai. Ya ba ni abin awo na gwada na kwalin: santimita 15 da rabi da ɗoriya, bai cika taƙi ba. Na yi lissafi a bayan kaye, ya fita daidai. Ban taɓa jin lissafi ya yi mini amfani ba sai ranar.

Lambar 72 ba daga sama ta faɗo ba. Awon Ingilishi ne: inci 12 ke yin ƙafa ɗaya, don haka mutum mai tsawon ƙafa shida inci 72 ke gare shi, in an mai da shi ɗan tsana sai ya zama inci ɗaya cur. Wani saurayi Bature, James Hay Stevens, shi ya tsara jiragen katako na Skybirds a kan wannan awo a 1932. A 1936 kamfanin FROG ya fito da na roba. Airfix, wanda wani ɗan Hangare mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, da tarakta ya fara harkar a 1949, kafin ya kai ga Spitfire ɗin da ya mamaye kantunan Ingila a shekarun 1950. Heller na Faransa a 1957 aka kafa shi, jirginsa na farko kuwa Caravelle ne a kan awon 1/100, irin jirgin da Air Afrique ta yi jigila da shi daga baya. Manyan jiragen fasinja an fi yin su a 1/144, don Boeing 747 mai mita 70 in an yi shi a 1/72 sai ya kusa mita guda, ya cinye tebur.

Labarin da ya fi kama ni cikin tarihin nan na 1942 ne. Da Amurka ta shiga yaƙi, sojan ruwanta suka nemi 'yan makaranta su sassaƙa musu ƙananan jirage 500,000 na katako, duk a 1/72, a shafe su baƙi ƙirin. Da su ake koya wa masu harbi da matuƙa su gane jirgin gida da na abokan gaba daga inuwarsa kawai. Wato gwamnati ce da kanta ta zo wurin yara tana roƙon abin da mu ake kora mu a kansa. Kuma abin da ake nema a wurinsu shi ne dai abin da muka fi sani a Gazawa, siffar jirgi in an hango shi daga ƙasa. Bambancin guda ne: su an ba su zane mai awo.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi. A wajen jirgi kima ba ta isa.

Sai dai jirgin mushe, duk kyansa, ba ya tashi. Na yayana ma ba ya tashi. Dukansu biyu na kallo ne, kama da wane ba ta wane. A ƙasashen Turai da Japan masu wannan sha'awa rukuni biyu ne, kuma ba kasafai suke shan inuwa ɗaya ba. Akwai masu haɗa na ajiya, mafi yawansu magidanta ne masu furfura, mutum ya yi wata uku yana goge layin haɗi da takardar yashi, yana jayayya da abokinsa kan ko koren fentin ya yi duhu. Na daina yi musu dariya tun da na ga wani ya zana zirin baƙin mai a ƙarƙashin inji da burushi mai gashi ƙwaya uku. Akwai kuma masu na tashi, waɗanda ba ruwansu da kama, su dai abin ya hau iska. Su katakon balsa suke nema, wani icce mara nauyi da akasari daga Ikwado ake kawo shi. Ran da na fara riƙa shi a hannu sai na ji kamar tsohon sani: totuwa ce da ta yi makaranta.

Rukuni na biyun ne suka haifi jirgin sama, ba ƙari a maganar. A watan Agusta na 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya saki ɗan jirgi mai tsawon rabin mita a wani lambu na Paris, murɗaɗɗen danƙo na juya masa farfela, ya yi daƙiƙa 11 a sama bai kife ba. A 1878 wani limamin coci a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar wani abin wasa irin ƙirar Pénaud, na gora da takarda da danƙo. Suka yi wasa da shi har ya lalace, suka ƙera nasu. Yaran su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka girma suka zama masu gyaran keke, ran 17 ga Disamba 1903 kuma jirginsu ya yi daƙiƙa 12 a sama. Katako ne da yadi da waya da sarƙa irin ta keke. Ko jiragen nan uku ƙirar DH.9A da suka taso daga Helwan ta Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, firam ɗin katako ne aka lulluɓe da yadi aka ɗaure da waya. Da yayana ya ga ɗaya daga cikinsu a tuɓe, da ya gane danginsa.

Mushe bai bar mu da kwali ba. Mako na gaba ya sa muka zo da sille da takardar buhun siminti da koko na kwaɓaɓɓen rogo. Muka yi fiffike, muka yi jela, muka jefa. Ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak kamar mai tunani, ya faɗo da gindi. Muka sake, haka. Sai ya ce in tallafe shi da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaba. Ina sakin hannu jela ta rinjaya. Ya ce to ga ciwon nan. Aka soka ƙaramar ƙusa a hanci, ya kusa. Aka ƙara guntun waya, ya tsaya daidai kamar sikelin mai gaskiya. Sannan ya ɗan karya fikafikan suka kalli sama kaɗan, yadda in iska ta kwantar da shi gefe ɗaya zai miƙe da kansa. Ya ce kar in jefa kamar mai jifan kare, in tura shi a hankali, hanci ɗan ƙasa. Na tura. Ya tafi sumul, ya ƙetare filin ƙwallo kusan rabi, iskar hunturu ta ɗan ɗaga shi, ya sauka kan ciki gaban wata akuya. Ba mu yi ihu ba sai da ya taɓa ƙasa. Shekara nawa muna tara kara, ashe tsakaninmu da tashi ƙusa ɗaya ce da sanin inda za a soka ta.

A nan ne kuma tarkon yake, ga duk wanda abin ya shiga ransa. In ƙarami ya tashi, zuciya sai ta ce a yi babba a shiga. Amma in ka ninka tsawon abu sau biyu ta kowane gefe, faɗin fiffikensa sau huɗu zai ƙaru, nauyinsa kuwa sau takwas. Nauyi na gudu, fiffike na tafiya. Shi ya sa fara ke tashi da fiffike kamar ɓawon albasa, jimina kuwa ta haƙura da ƙasa. Su Wright ma tun suna yara sun ga haka, da suka ƙara wa abin wasansu girma ya ƙi tashi yadda ya saba.

A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya zaga duniya. Ɗalibin kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24, ya ɗauki wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu ruwan ɗorawa, da kuɗin da yake samu wajen gyaran waya da kwamfuta. Injin na Honda Civic ne, kujerun na tsohuwar Toyota, wasu sassan kuma daga gawar wani Boeing 747 da ya faɗi kusa da Kano. Rahotannin lokacin sun ce ya ɗaga, amma bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Masu dariya sun yi, masu kirari ma sun yi, kuma a ganina duk sun kauce. Ƙafa bakwai da injin mota ba wasa ba ne. Sai dai jirgi mai saukar ungulu shi ne mafi wuyar sha'ani cikin dangin: kowane reshen farfela sai ya riƙa sauya kwanciyarsa a cikin kowane zagaye, ga ƙaramar farfelar jela da ke hana gangar jiki juyawa kamar dutsen niƙa. Irin wannan ba a yin sa da ido. Abin da saurayi irinsa ke bukata shi ne wanda zai zauna da shi da abin awo, kamar yadda aka zauna da mu kan takardar siminti.

Kar kuma a raina kwali, kamar yadda na raina. Sojan saman Najeriya da kansu sun yi aiki da jirgin kwali. Jirgin koyon tuƙi da ake kira Air Beetle, wanda kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna tun daga 1989, asalinsa RV-6A ne na kamfanin Van's da ke Oregon ta Amurka, wanda a lokacin ake sayarwa gutsattsari mutum ya haɗa a garejin gidansa. Guda 60 aka yi oda. Lamba kaza ta shiga lamba kaza, sai dai wannan karon awon ɗaya bisa ɗaya ne. A Kadunan ne kuma aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi na leƙen asiri, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Duk wanda ya raɗa sunayen nan ya san aikin jirgin, ya kuma san unguwa.

Makarantun ma ba su yi mana nisa ba. Zariya na da kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirage tun 1964. Yamai na da EAMAC tun 1963, inda hukumar ASECNA ke horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi daga ƙasashen Afirka da dama. Nisan ba na hanya ba ne. Yaro mai hannu yakan kai shekara goma sha biyu, sai a ce ya girma, ya bar shirme ya kama kwashe ko ya bi ayarin 'yan ci-rani. Yayana Legas ya tafi. Ya dawo gwanin walda, ƙofofin ƙarfe na rabin garinmu aikinsa ne, kuma har yau in jirgi ya wuce sai ya ɗage gilashin fuska ya bi shi da kallo.

Karan ma yanzu ya yi daraja. Ƙasar Agye da Gazawa ta cika, gonaki sun haɗe, makiyaya ta matse; da an yi girbi mai gona ke kwashe karansa ya ɗora kan icce ko ya kai gida, don abincin dabba ne, makamashi ne, kuɗi ne in rani ya yi tsanani. Yaron da ya zari ƙunshi guda yau sai ya yi bayani. Ga kuma jiragen roba na Sin a kan tabarmar 'yan koli, masu fitila da kuka, kwana biyu su mutu. Na ɗauka sana'ar ta tafi ke nan.

Bara na je ɗaurin aure wani gari kusa da Tsibiri, a ƙasar Gidan Rumji. Bayan an shafa fatiha na ji wani zuuu a bayan danni, yara sun yi da'ira. Wani ɗan shekara goma sha ɗaya ne da jirginsa. Gangar jikin soso ne na cikin kwalin firji, fikafikan kara da ledar buhu, farfelar an yanko ta daga jarka an murɗa ta a wuta. Tayu uku, ɗaya a hanci. Injuna biyu a ƙarƙashin fiffike na gwangwanin tumatir, don ado. Wannan ya ga jirgi ta sama da ta gefe, a wayar wani. Ya haɗa waya biyu da batirin tsohuwar salula, farfela ta ɗauka, jirgin ya ruga cikin rairayi ya yi ta zagaya kansa yana tayar da ƙura.

"Samari, yana tashi?"

"Saura kaɗan, Baba. Batir ne ba ƙarfi."

Na ce ya kawo. Na tallafe shi da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, jela ta faɗi nan take. Na nuna masa, na ce ya matsar da batirin gaba. Ya kwance zaren, ya matsar, muka sake gwadawa. Ya matsar kuma. Yana cikin ɗaurewa, harshe a waje, sai ga wata tsohuwa ta leƙo ta kan danni da 'yar fankar caji a hannu, an farke bayanta, wayoyi na reto.

"Ina ɗan banzan nan? Alhaji, ka gan shi? Hanjin fankata ya cire!"

Yaron ya sunkuci jirginsa ya bi ta cikin gonar rogo, sauran suka rufa masa baya. Ni aka bari da kakar, da bikon fanka na jika biyu.